Zomayen Lund: Arvid Carlsson da Tarihin Magungunan Ƙwaƙwalwa

Akwai wasu hotuna biyu da kusan duk ɗalibin ilimin magungunan ƙwaƙwalwa yakan ci karo da su. An ɗauke su ne a wani ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Lund, a kudancin Suwidin, a ƙarshen shekarun 1950. A na farko wasu zomaye ne kwance rashe-rashe, kunnuwa sun zube, idanu a lumshe, ko an zungure su sai dai su ɗan muskuta. An yi musu allurar resarfin, maganin hawan jini da taɓin hankali da likitoci ke yayi a lokacin. A na biyu zomayen nan ne dai, amma sun miƙe zaune, kunnuwa a tsaye, ido tar. Abin da ya raba hotunan biyu shi ne allura guda ta wani sinadari mai suna dofa, da jira na kamar minti 15.

Wanda ya shirya gwajin, Arvid Carlsson, shekarunsa 34 lokacin da sakamakon ya fito a mujallar Nature a watan Nuwamban 1957. Rahoton gajere ne ƙwarai, kuma sunaye uku ne a kansa: nasa, da na Margit Lindqvist, da na Tor Magnusson. Daga wannan ɗan rahoto aka kama hanyar da ta kai ga maganin cutar Parkinson, mai sa karkarwa da sandarewar jiki, wanda har yau ba a sami abin da ya fi shi ba.

A lokacin masana sun daɗe suna gardama kan yadda ƙwayar jijiya ke miƙa saƙo ga 'yar'uwarta. Wasu suka ce da lantarki ne, wasu suka ce da sinadari. Tun a 1921 Otto Loewi ya nuna da zuciyar kwaɗo cewa jijiya tana fesar da wani ruwa mai rage bugun zuciya, kuma shi da Henry Dale na Ingila suka raba kyautar Nobel a 1936 saboda wannan fage. To amma yardar da aka yi ta tsaya ne ga jijiyoyin zuciya da hanji da tsoka. Da zarar an zo kan ƙwaƙwalwa sai a ja baya. Gani ake abin da ke gudana a cikinta ya yi saurin da sinadari ba zai iya bi ba. An san akwai noradirenalin a cikinta, Marthe Vogt ta auna shi a 1954. An san akwai sirotonin, Betty Twarog ta gano shi a 1953. Aikin da suke yi a can ne babu wanda zai iya rantsuwa a kai.

Carlsson bai taso da niyyar shiga wannan gardama ba. An haife shi a Uppsala ranar 25 ga Janairun 1923, ya girma a Lund inda mahaifinsa ke farfesan tarihi. Gida ne na masu nazarin tarihi da adabi, shi kuwa ya fanɗare ya shiga karatun likita a 1941. Digirinsa na uku, wanda ya kammala a 1951, a kan yadda jiki ke sarrafa sinadarin kalsiyam ne, mai gina ƙashi. Da ya nemi ƙarin girma a jami'a, sai kwamitin tantancewa ya gaya masa cewa batun kalsiyam ba ya cikin zuciyar ilimin magunguna. Maganar ta yi zafi, amma ita ta sa ya nemi sauya fage. Sune Bergström, wani farfesa a Lund wanda shi ma daga baya ya ci Nobel, ya nema masa gurbi a Amurka. A watan Agustan 1955 ya isa Bethesda, a jihar Maryland, ɗakin binciken Bernard Brodie a Cibiyar Binciken Zuciya ta Ƙasa.

Brodie mutum ne da kowane gida ya ci moriyar aikinsa ba tare da sanin sunansa ba. Shi da Julius Axelrod ne suka nuna a 1948 cewa wani tsohon maganin zazzaɓi, idan ya shiga jiki, rikiɗewa yake ya zama farasitamol, kuma farasitamol ɗin ne ke kashe ciwon. A zamanin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki kan yadda za a daidaita shan maganin zazzaɓin cizon sauro ga sojoji. Hikimarsa ita ce awo: ka san nawa ne na magani ke cikin jini ko cikin nama, sannan ka yi magana. Lokacin da Carlsson ya iso, an ƙera wata sabuwar na'ura a cibiyar, aikin Robert Bowman, wadda ke haska sinadari da haske mai launi ɗaya ta auna ƙyallin da ya mayar. Da ita ake iya gano ɗan mitsitsin abin da a da ba a ko san yana nan ba. Kuma da ita Brodie da Parkhurst Shore da Alfred Pletscher suka gano, a wannan shekarar, cewa resarfin yana kwashe sirotonin daga jiki.

Shi resarfin daga saiwa ya fito. Masu maganin gargajiya na Indiya sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ba wa masu taɓin hankali saiwar wata bishiya da masana ke kira Rauwolfia serpentina. A 1949 wani likitan zuciya a Bombay, Rustom Jal Vakil, ya wallafa sakamakon amfani da ita kan hawan jini a wata mujallar likitoci ta Birtaniya, kuma a 1952 masana na kamfanin Ciba a birnin Basel na Suwizalan suka tace sinadarin da ke aikin. Bishiyar tana da 'yar'uwa a dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, Rauwolfia vomitoria, wadda ita ma kamfanoni suka riƙa saye don tace resarfin. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro na Abeokuta, ya rubuta a 1960 cewa masu maganin gargajiya na ƙasar Yarbawa sun daɗe suna kwantar da masu taɓin hankali da saiwarta. Wato abin da Turai ta karɓa a matsayin sabon magani, a wurare biyu aƙalla tsohon zance ne. Sabon abu kawai shi ne na'urar da za ta faɗi me yake yi a cikin jiki.

Wata biyar Carlsson ya yi a Bethesda. An ba shi aikin nuna yadda resarfin ke fitar da sirotonin daga ƙananan ƙwayoyin jinin nan masu sa jini daskarewa, ya kuma yi. Sai dai ya kawo shawarar a duba ko maganin yana taɓa adirenalin da noradirenalin su ma. Brodie bai ga amfanin haka ba. Shi ya riga ya sakankance cewa sirotonin ne sirrin komai.

Da Carlsson ya koma gida a farkon 1956, abu biyu ya sa a gaba: ya samo irin na'urar Bowman, ya kuma nemi Nils-Åke Hillarp. Wannan zaɓi na biyu shi ne mafi muhimmanci a duk rayuwarsa ta aiki. Hillarp masanin ƙirar nama ne, mutumin madubin ƙara girma da yankan nama siriri, kuma ya riga ya nuna cewa ƙululun da ke saman ƙoda yana ajiye adirenalin ne a cikin wasu 'yan ƙananan jakunkuna a cikin ƙwayoyinsa. Carlsson ya san magani da awo, Hillarp ya san inda abu ke zaune a cikin nama. Kafin shekarar ta ƙare sun nuna cewa resarfin yana wawushe adirenalin da noradirenalin daga ƙululun ƙodar zomo. Ba da jimawa ba aka ga haka a zuciya da ƙwaƙwalwa.

Tambaya ta zama: a cikin abubuwan da resarfin ya kwashe, rashin wanne ne ya kwantar da zomon? Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da su ɗaya bayan ɗaya a ga wanda zai tashe shi. Matsalar ita ce akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, kuma waɗannan sinadarai ba sa tsallaka shi. Amma kayan da jiki ke ƙera su da su suna tsallakawa. Sai Carlsson ya ba wasu dabbobin abin da ake ƙera sirotonin da shi. Ba su tashi ba. Ya ba wasu dofa, wanda daga gare shi jiki ke ƙera noradirenalin. Suka miƙe.

A nan ne mai gaggawa zai buga ganga ya ce an gama, noradirenalin ne. Carlsson da mutanensa suka auna ƙwaƙwalwar dabbobin da suka farfaɗo, sai suka tarar noradirenalin ɗin bai dawo ba, ko kuma ɗan kaɗan ne ya dawo. Ashe wani abu ne daban ya tashe su. Tsakanin dofa da noradirenalin akwai zango guda, wani sinadari da George Barger da James Ewens suka haɗa a Landan tun 1910, wanda kowa ke ɗauka mashiga ce kawai, ba shi da aikin kansa. Shi ne dofamin. Ƙungiyar ta Lund, har da Bertil Waldeck, ta ƙirƙiro hanyar auna shi, ta nuna a mujallar Science a 1958 cewa yana nan a ƙwaƙwalwa da yawan da ya yi kusa da na noradirenalin, resarfin yana kwashe shi, dofa kuma yana dawo da shi. Adalci ya sa a ambaci Kathleen Montagu ta asibitin Runwell a Ingila, wadda tun a watan Agustan 1957 ta ba da rahoton alamun dofamin a ƙwaƙwalwa. Ita ta fara ganinsa. Carlsson ne ya nuna cewa yana da aiki.

Ɗalibansa biyu, Åke Bertler da Evald Rosengren, suka bi ƙwaƙwalwa sashe-sashe suna awo. A 1959 suka bayyana cewa mafi yawan dofamin ya taru ne a wani curin jijiyoyi da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda aka daɗe da sanin yana da hannu a sarrafa motsi. Likitoci kuma sun riga sun lura cewa masu shan resarfin sukan kamu da sandarewa da karkarwa irin ta cutar da James Parkinson ya siffanta a 1817. Carlsson ya haɗa biyu da biyu a wani taro a Bethesda a watan Oktoban 1958: wataƙila rashin dofamin ne ke kawo cutar, kuma wataƙila dofa zai yi maganinta.

Da wannan ya tafi Landan a 1960, shi da Hillarp, wani taro da Gidauniyar Ciba ta shirya. Manyan fagen duk suna wurin, Henry Dale da John Gaddum da Marthe Vogt. Waɗannan su ne suka yi yaƙin tabbatar da cewa jijiya tana magana da sinadari, don haka ana iya zaton su za su fara yin maraba. Ba haka aka yi ba. Kamar yadda Carlsson ya riƙa ba da labari daga baya, Dale ya ɗauki dofa tamkar guba, Vogt ta yi hasashen cewa ra'ayin ba zai yi tsawon rai ba, Gaddum kuma ya rufe taron kamar ba a ma kawo maganar ba. Ba za a ce dattawan nan ba su da hujja ko kaɗan ba. Babu wanda ya taɓa nuna cewa dofamin da 'yan'uwansa a cikin ƙwayoyin jijiya suke zaune. Ana niƙa nama ne a auna, kuma niƙaƙƙen nama ba ya faɗin daga wace ƙwaya abu ya fito.

Mutanen biyu suka koma gida da niyyar toshe wannan kafa. Carlsson ya riga ya zama farfesa a Jami'ar Gothenburg a 1959, Hillarp ya bi shi can, suna kuma aiki da Bengt Falck wanda ya rage a Lund, da wani injiniya, Georg Thieme. Abin da suka samo a 1961 zuwa 1962 yana da sauƙin faɗa. A busar da yankin nama, a turara shi da tururin fomaldihaid, sinadarin nan da ake haɗa ruwan adana gawa da shi, sannan a sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma a haska shi da wani irin haske. Duk inda dofamin ko noradirenalin yake sai ya yi ƙyallin kore, inda sirotonin yake ya yi ruwan ɗorawa. A karon farko ido ya ga jijiyoyin, da rassansu sirara masu ƙulli-ƙulli, suna walƙiya a cikin duhu. Hanyar ta ɗauki sunan Falck da Hillarp. Wasu matasa biyu a Cibiyar Karolinska ta Stockholm, Annica Dahlström da Kjell Fuxe, suka yi amfani da ita suka zana taswirar waɗannan jijiyoyi a 1964, kuma a wannan shekarar aka bi sawun hanyar dofamin tun daga wani baƙin tabo da ke gindin ƙwaƙwalwa har zuwa curin da ke kula da motsi. Baƙin tabon nan shi ne wanda Konstantin Tretiakoff ya nuna tun 1919 cewa yana lalacewa a masu cutar Parkinson. Da aka yi wani babban taro a Stockholm a watan Fabrairun 1965, gardama ta mutu. Hillarp kuwa ya rasu a watan da ya biyo baya, yana da shekara 48, sakamakon cutar daji.

Duk wannan a kan dabbobi ne. Wanda ya kai zancen ga ɗan Adam yana Vienna, babban birnin Ostiriya. Oleh Hornykiewicz ya yi aiki kan dofamin a Oxford tare da Hermann Blaschko, kuma da ya karanta rahoton Bertler da Rosengren sai ya fara tattara ƙwaƙwalwar mamata tare da Herbert Ehringer. Ba su da na'urar Bowman. Tsohuwar hanya suka bi, wadda ruwan gwaji ke komawa ruwan hoda idan akwai dofamin. Kwalaben da aka zuba naman mutanen da ba su da cutar suka rine sosai. Na mai cutar Parkinson da ƙyar aka ga alamar launi. Hornykiewicz ya ga amsar da idonsa kafin ya kai kwalbar ga ma'auni. Suka wallafa a 1960. A watan Yulin 1961 Walther Birkmayer, likita a gidan kula da tsofaffi na Lainz, ya fara yi wa majinyata allurar L-dofa, wato nau'in dofa da jiki ke amfani da shi. Mutanen da suka daɗe ba sa iya tashi daga gado suka miƙe suka yi tafiya, waɗanda muryarsu ta shige suka yi magana a fili. Bayan 'yan sa'o'i abin ya gushe. A Osaka ta Japan, Isamu Sano ya bi kusan wannan hanya a lokaci guda, amma da Japananci ya rubuta muhimmin sashen aikinsa, duniya ba ta ji ba sai bayan shekaru masu yawa.

Shekaru kusan shida aka yi ana jan ƙafa. Wasu likitoci suka gwada suka ce ba su ga komai ba, wasu suka ce amai kawai yake sawa. Batun aman tsoho ne: Markus Guggenheim, wanda ya tantance sinadarin daga wani nau'in wake a Basel a 1913, ya haɗiyi giram biyu da rabi don ya ji yadda yake, ya yi ta kelaya amai. Wanda ya warware matsalar shi ne George Cotzias, ɗan asalin Girka da ke aiki a cibiyar Brookhaven ta New York. Ya fara da ɗan kaɗan ta baki, yana ƙarawa sannu a hankali har jiki ya saba, har ya kai giram 16 a rana ga wasu. Abin dariyar shi ne dalilin da ya sa ya fara gwajin kuskure ne, domin so yake ya mayar da baƙin launin da ya ɓace daga tabon nan na gindin ƙwaƙwalwa. Sakamakon da ya wallafa a 1967 dai babu mai musunsa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da L-dofa a 1970, daga baya aka haɗa shi da wani sinadari mai hana shi narkewa kafin ya isa ƙwaƙwalwa, aka sami Madopar da Sinemet. Labarin majinyatan da Oliver Sacks ya ba wa maganin a 1969 a wani asibiti na Bronx shi ne ya zama littafin Awakenings, wanda aka mayar fim a 1990.

Carlsson bai tsaya kan Parkinson ba. Tun 1952 likitocin asibitin Sainte-Anne na Faris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka fara ba wa masu taɓin hankali maganin da aka fi sani da Largactil, a 1958 kuma ƙungiyar Paul Janssen ta haɗa halofaridol a Beljiyam. Magungunan suna aiki, suna kuma kawo sandarewa irin ta resarfin, amma da aka auna sai aka ga ba sa kwashe dofamin. A 1963 Carlsson da Margit Lindqvist suka ba ɓeraye su, suka auna tarkacen da dofamin da noradirenalin ke bari bayan sun gama aiki. Tarkacen ya ƙaru. Fassarar da suka yi ita ce maganin yana toshe makarɓar saƙon ne, ita kuwa jijiyar da ta aiko shi, da ta ji shiru, sai ta ƙara ƙaimi, kamar mai sallama a ƙofar gida da ba a amsa masa ba ya ƙara ɗaga murya. A lokacin babu wanda ya taɓa auna makarɓar kai tsaye. Sai a tsakiyar shekarun 1970 ɗakunan binciken Philip Seeman a Toronto da Solomon Snyder a Baltimore suka tabbatar da cewa ƙarfin irin waɗannan magunguna yana tafiya daidai da yadda suke manne wa makarɓar dofamin. Wannan rahoto na 1963 ya fi na zomayen nuna irin tunanin mutumin. Magani a hannunsa kayan tambaya ne: ka taɓa nan, ka auna can, ka faɗi abin da ke tsakani tun ba a gan shi ba.

Sunan Lindqvist yana kan manyan rahotannin biyu, na 1957 da na 1963, amma da wuya a ji an ambace ta idan ana ba da labarin.

Akwai kuma haɗin gwiwar Carlsson da 'yan kasuwa, abin da malaman jami'a da yawa na zamaninsa ke yi wa kallon raini. A ƙarshen shekarun 1960 shi da Fuxe da Urban Ungerstedt suka nuna cewa tsofaffin magungunan ciwon damuwa suna hana jijiya sake zuƙe sirotonin bayan ta fesar da shi. Sai ya yi tunanin a ƙera maganin da wannan kaɗai zai yi, ya bar sauran sinadarai. Abokin aikinsa a nan Hans Corrodi ne, masanin haɗa sinadarai ɗan Suwizalan da ke aiki a Hässle, reshen kamfanin Astra, tare da Peder Berntsson. Daga wani maganin ƙaiƙayi da atishawa suka faro, suka sauya masa gini. Corrodi ya rasu a 1974 bai ga ƙarshen aikin ba. Maganin ya shiga kasuwa a 1982 da sunan Zelmid, a 1983 aka janye shi, bayan an ga wasu ƙalilan daga masu shansa sun kamu da wata cuta mai shanye jijiyoyi. Prozac na kamfanin Eli Lilly, wanda ke aiki ta wannan hanyar, ya sami amincewa a Amurka a ƙarshen 1987 ya kwashe kasuwa da suna. Har sai da ta kai a 1997 Carlsson da David Wong na Lilly suka sa hannu tare a wata 'yar sanarwa a mujallar Life Sciences, mai tabbatar da cewa Zelmid ne ya riga.

A shekarar 2000 aka ba Carlsson kyautar Nobel tare da Paul Greengard da Eric Kandel. Dokar kyautar ba ta yarda a raba ta ga fiye da mutum uku ba, kuma ba a ba mamaci, don haka Hillarp da Cotzias sun fita tun kafin a zauna. Hornykiewicz kuwa yana raye. Masana fiye da 250 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa, wadda Ali Rajput na Kanada ya jagoranta, suna ƙorafin tsallake shi. Ƙorafin yana kan hanya. Carlsson ya cancanci abin da aka ba shi, amma zomo ba ya kamuwa da cutar Parkinson, kuma wanda ya buɗe ƙwaƙwalwar mai cutar ya ga gurbin da dofamin ya bari yana Vienna.

Ritayar da Carlsson ya yi a 1989 ta takarda ce kawai. Ya ci gaba da neman magungunan da za su daidaita dofamin, su rage shi inda ya yi yawa su ɗaga shi inda ya yi kaɗan, yana aiki da 'yarsa Maria Carlsson da kuma Carol Tamminga a Amurka. Ya kafa kamfanin Carlsson Research a 1998, wanda wani kamfanin Denmak, NeuroSearch, ya saya a 2006. A fagen siyasar lafiya ma bai yi shiru ba, yana cikin waɗanda suka fi adawa da zuba sinadarin fulorayid a ruwan famfo a ƙasarsa. Ya rasu ranar 29 ga Yunin 2018 yana da shekara 95. Hornykiewicz ya bi shi a 2020.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 8.5 ke fama da cutar Parkinson a 2019, kuma L-dofa yana cikin jerin magungunanta na tilas. Kasancewa a jeri daban, samuwa a kanti daban. Binciken da Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka yi ya nuna cewa a Najeriya maganin ba ya samuwa a kantunan magani da yawa, inda yake kuma ya fi ƙarfin aljihun talaka. Irin wannan jinkiri na samun magani ne ya ba wasu likitoci damar amsa wata tsohuwar tambaya. An daɗe ana tsoron cewa fara shan L-dofa da wuri shi ke jawo fizge-fizgen jikin da ke zuwa bayan shekaru. Roberto Cilia na Milan da Albert Akpalu na asibitin Korle Bu a Accra suka kwatanta majinyatan Ghana, waɗanda sukan yi shekaru da cutar kafin su sami ƙwaya ɗaya, da na Italiya. Sakamakon da suka wallafa a mujallar Brain a 2014 ya nuna cewa daɗewar cutar da yawan abin da ake sha a rana su ne ke kawo matsalar, tsawon lokacin shan maganin ba shi ne ba.

Ƙungiyar ta Cilia ta kuma juya ga wata shuka da duk wanda ya taɓa ratsa ƙurmi ya san ta saboda ƙaiƙayin gashin kwansonta, wato ƙarara. Tun 1937 masana a Indiya suka tace L-dofa daga 'ya'yanta. Likitocin suka gwada gasa 'ya'yan, a ɓare su, a niƙe su gari, a ba majinyacin da ba ya iya sayen ƙwaya. A shan farko garin ya yi aiki kamar maganin kanti. Amma yawan sinadarin yana bambanta daga iri zuwa iri, sai an auna a ɗakin gwaji, kuma a gwajin mako 16 da suka yi a Bolibiya da majinyata 14, bakwai sun daina sha kafin wa'adi, wasu saboda ciwon ciki da tashin zuciya, wasu saboda jikinsu ya koma baya.